Canva da tambarin ƙungiyar tattaunawa: abin da yake iyawa da inda sai an nemi wani hannu

Tun bayan rikicin Logone-Birni na watan Agusta 2021, da wanda ya sake tashi a Disamba na shekarar har ya kai Kusiri, dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Chadi, maganar zama a tattauna ta ƙara nauyi a arewacin Kamaru. Kwamitin sulhu na unguwa ne, ko dandalin matasa, ko zaman manoma da makiyaya da masunta, duk wanda aka kafa, kafin a aika wa lamido ko lawan takardar gayyata ta farko sai an nemi tambari. Abin da aka saba shi ne a miƙa aikin ga yaron da ya fi kowa iya waya, shi kuma ya buɗe Canva, manhajar zane. Wannan sharhi a kan Canva ne, amma ta fuska ɗaya kawai muka auna shi: shin zai iya fitar da tambarin da ƙungiya irin wannan za ta yi shekara goma tana aiki da shi a Garwa, Marwa, Kusiri ko Njamena?

Hukuncinmu a gaba: wajen gwada tunani da nuna wa kwamiti zaɓi uku ko huɗu, babu kamarsa a cikin abin da ake samu kyauta a waya. Wajen kammala tambari kuwa bai isa shi kaɗai ba, kuma samfuransa na shirye su ne suka fi cutar da ƙungiyar tattaunawa.

Canva manhaja ce ta wani kamfanin Ostareliya, ta fito a 2013. Tana aiki a waya da kwamfuta, akwai ta kyauta, akwai ta biya da ake kira Pro. Kayan da aka sa wa alamar kambin sarauta na masu biya ne, in mai kyauta ya ɗauka sai ya ga zane-zanen sunan kamfanin sun hau kan hoton. Sauƙinta gaskiya ne. Wanda bai taɓa zane ba zai iya jera da'ira, ya rubuta suna, ya sauya launi cikin rabin awa. Tana nuna layin daidaito idan abu ya zo tsakiya, tana karɓar lambar launi, kuma sakatare a Marwa da ma'aji a Kusiri suna iya buɗe zane ɗaya kowa ya ga gyaran ɗan'uwansa. Sai dai tana cin data, kuma inda intanet ke tafiyar hawainiya, gyaran da aka yi yakan ƙi adanuwa har sai layi ya dawo. Kada a rufe manhajar sai an ga alamar ajiya ta nuna an gama.

Matsala ta farko tana faruwa ne tun kafin a zana komai. In ka zaɓi samfurin tambari, filin da Canva ke buɗe maka ɗigo (wato pixel, ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto) 500 ne a tsaye, 500 a kwance. A bugu mai kyau na takarda, wato ɗigo 300 a kowane inci, wannan bai wuce santimita 4.2 ba. Ya isa kan wasiƙa. Amma ranar taro za a buƙaci kyallen mita 3 da tambari mai tsayin santimita 60, kuma a wannan girman ɗigon ya koma kusan 21 a inci, gefen haruffa ya zama kamar haƙoran zarto. Mai bugu ba shi da laifi a nan, abin da aka kawo masa ya buɗa. Sauya girman zanen da aka riga aka yi aikin masu biya ne, amma buɗe sabon fili da girman da kake so kyauta ne. Don haka tun farko a zaɓi girma na musamman, a rubuta 3000 da 3000. Wanda ya riga ya yi nisa a ƙaramin fili, ya kwafe kayan duka ya liƙa a babban, sannan ya ja su su cika.

Yanzu ga inda muka fi son a tsaya a yi tunani, wato abin da za a zana. Rubuta kalmar tattaunawa ko zaman lafiya da Faransanci a wurin bincike, Canva zai zubo maka abu huɗu: hannu biyu suna musabaha, kurciya da ganye a baki, kumfar magana irin ta littafin barkwanci, da mutane kewaye da duniya. Kowannensu yana da illa a wurinmu. Musabaha tana nuna ɓangare biyu, alhali a bakin Logone masu magana sun fi biyu, kuma da zarar an ba hannu ɗaya launi mai haske, ɗayan mai duhu, an riga an faɗi abin da ba a yi niyya ba. Kurciya a idon wasu alamar coci ce, kamar yadda jinjirin wata da tauraro suke alamar masallaci a idon wasu, kuma ƙungiyar da ke son liman da fasto su zauna a tabarma ɗaya ba ta da ribar ɗaukar ko ɗaya daga ciki. Kumfar magana kuwa matashin da ya tashi da waya ne ya san ta. Bulama ko jauro zai iya ganin ƙwarya ce aka kife.

Akwai kuma alamomin da samfuri ke shigowa da su ba tare da mai zane ya lura ba. Harshen wuta yana da yawa a samfuran da suka shafi bege da ci gaba, kuma a Kamaru duk wanda ya ga harshen wuta a tambari jam'iyyar RDPC zai tuna. Kore da ja da rawaya a jere tutar Kamaru ce, shuɗi da rawaya da ja ta Chadi, kuma ƙungiyar da ta yafa su ana iya ɗaukarta ta gwamnati ce, sai wanda yake da ƙorafi da hukuma ya ƙi zuwa. Jan gicciye ko jan jinjirin wata a kan farin fili kuwa yarjejeniyoyin Janiba na 1949 sun keɓe su, ba na kowa ba ne. A duba ma inda layi biyu suka gitta a tsakiyar zane, domin ido yana saurin ganin gicciye ko da ba a nufa ba.

Neman abin gida ma yana da nasa tarko. Dagin Arewa kyakkyawa ne, mu ma muna son sa, amma ya riga ya zama na Hausawa da arewacin Najeriya, kuma Bamusgume ko Batufuri ba zai ga kansa a ciki ba. Dogon ɗakin laka na Musgum da ake gani wajen Pus na mutane ɗaya ne. Dutsen Rumsiki na yanki ɗaya ne. In aka sa saniya, to sai an sa fartanya da kifi, sannan a fara muhawarar wanne ne a sama. Wanda ya nace sai ya sa su ukun, ya jera su a da'ira da girma ɗaya da kaurin layi ɗaya, kada ya ɗora wani kan wani. Taswira ma a yi hankali da ita: zana jihohin arewa uku su kaɗai ana iya karanta shi a matsayin magana ta siyasa, kuma taswirorin da ke cikin manhajar an zana su ne don ado, ba lallai iyakokinsu su zama daidai ba.

Abin da muka ga ya fi tsira shi ne abin da kowa ke zama a kai ko a ƙarƙashinsa: inuwar bishiya, tabarma, butar shayi da ƙananan kofuna, da'irar mutane marasa fuska marasa hula. A nan ma Canva yana da rauni. Bishiyoyinsa yawanci na Turai ne, ko kuma mai shimfiɗaɗɗen kai ɗin nan ta hotunan yawon buɗe ido na gabashin Afirka. Darbejiyar da ta rufe titunan Marwa, da tsamiya, da gawo, ba ka cika samun su da siffar da ɗan gari zai gane ba. Kuka ana samu, amma hoton da ka ɗauka, wata ƙungiya a Dakar ko Wagadugu ta riga ta ɗauka. Mafita ita ce a zana bishiyar da baƙin alƙalami mai kauri a farar takarda, a ɗauki hotonta da rana a inuwa, a mayar da ita zanen layi a kwamfuta, sannan a shigo da ita.

Wannan ba maganar kyau ba ce kawai, akwai doka a ciki. Sharuɗɗan Canva sun ce ba a yin rajistar alamar mallaka da samfuransa ko hotunansa, na kyauta ne ko na biya, domin kowa yana da izinin amfani da su. Abin da aka yarda da shi shi ne layuka, siffofi na asali kamar da'ira da murabba'i, da haruffa. Hukumar da ke rajistar alamomi ga Kamaru da Chadi ita ce OAPI, hedikwatarta a Yawunde, an kafa ta da yarjejeniyar Bangi ta 1977, ƙasashe 17 ne a cikinta, rajista ɗaya ta game su duka tsawon shekara 10, ana kuma sabuntawa. Najeriya ba ta ciki, wanda aikinsa ke tsallaka iyaka ya san da haka. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa ba za su taɓa zuwa OAPI ba, amma ko ba rajista, ranar da wani ya buga takardar tunzuri da tambari irin naku, wanda ya ɗauko daga samfuri ɗaya, ba ku da bakin cewa naku ne ku kaɗai. Ƙungiyar tattaunawa amana take sayarwa, ba ta da wani jari.

Injin ƙirƙirar hoto da ke cikin manhajar ba ma ba da shawarar a dogara da shi. Hoton ɗigo yake bayarwa, yana cika inuwa da sheƙi, yana lalata rubutu, kuma yatsun hannu sukan fito ba daidai ba.

Sai haruffa, kuma a nan ne aikin da aka yi cikin gaggawa yake tonuwa. Suna a yankinmu ba ya zuwa da harshe ɗaya. A Kamaru Faransanci da Ingilishi ne harsunan hukuma, a Chadi Faransanci da Larabci, a kasuwa kuma Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa. Hausa tana buƙatar ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ ga masu rubuta ta haka, Fulatanci yana buƙatar ɓ, ɗ, ƴ da ŋ. Yawancin salon rubutu masu ado a Canva ba su da waɗannan. Abin takaicin, manhajar ba ta gargaɗi. Aro take yi daga wani salo ta cusa, sai ka ga ƙ ta fi 'yan'uwanta siranta ko ta ɗan karkace, kuma a fuskar waya da wuya a lura sai an buga a kyalle. Gwajin mai sauƙi ne: kafin a zaɓi salo, a rubuta Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ Ŋ manya da ƙanana kusa da B D K Y N, a buɗa su sosai, a duba ko kaurinsu ɗaya. A kula da manyan musamman, domin akwai salon da ke da ƙanana ba shi da manya. Noto Sans yana cikin manhajar kuma yana da su duka. Ba shi da ƙyale-ƙyale, amma a hatimi abin da ake nema ke nan. Cire lanƙwasa don a samu salo mai kyau kuskure ne babba: wanda ya rubuta Kungiya a tambarin da ke neman amincewar Hausawa ya nuna bai damu da harshensu ba.

Larabci yana tafiya daga dama zuwa hagu yadda ya kamata, kuma akwai salo masu kyau. Abu biyu ke ɓata shi. Na ɗaya, jan tazarar haruffa don layi ya cika faɗi, wanda ke tsinka haɗin kalma. Na biyu, lanƙwasa rubutu a kewayen da'ira, inda haɗin haruffa kan karye. A bar Larabci a miƙe, a kuma kai wa malamin da ya iya ya karanta a takarda kafin a biya kuɗin bugu. Mai son ajami irin na allo, akwai salon Alkalami da Harmattan da cibiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar kyauta don rubutun yammacin Afirka, amma shigar da salo daga waje a Canva na masu biya ne.

Shawararmu ita ce kada a cusa harsuna uku a cikin tambarin. A ware alamar daban, sunan daban. Alama ɗaya tak, sannan a yi mata jeri da Faransanci da Fulatanci, wani da Faransanci da Larabci, wani da Hausa, kowane harshe da girma ɗaya. Wanda aka rubuta nasa ƙarami a ƙasa yana gani, kuma yana riƙewa.

Jarrabawar gaskiya ta tambari ita ce hatimi. Dokar Kamaru mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990 ta sa ƙungiya ta kai sanarwar kafuwarta ofishin hukumar gundumar da take zaune, a ba ta takardar shaida. Daga ranar nan kuwa, wasiƙa zuwa ga hukuma, takardar neman izinin taro, rasit, duk ana tsammanin ganin hatimi a kansu. Zagayayyen hatimi kusan santimita 4 ne, launi ɗaya, tawada kuma tana bajewa. Layin da bai kai rabin milimita ba ko dai ya ɓace ko ya haɗe da na kusa da shi, rubutun da girmansa ya gaza lamba 7 a ma'aunin haruffa kuma cikin haruffansa yakan cike. Samfuran Canva da yawa suna dogara da launi mai narkewa cikin wani, da inuwa, da siraran layi, kuma babu ɗaya daga ciki da ke hawa roba. Haka injin kwafi: ja da kore masu duhu ɗaya suna komawa toka iri ɗaya, mutum biyun da aka bambanta da launi sai su zama dunƙule guda. Don haka a fara zane da baƙi zalla a kan fari, a buga shi a faɗin santimita 2, a yi kwafinsa, a sake kwafin kwafin. In har yanzu ana gane shi, sannan a zo maganar launi.

Launi biyu sun isa. Mai buga riga da allon siliki kowane launi allonsa daban da kuɗinsa daban, kuma in allo ɗaya ya goce da milimita guda, gefen ya nuna. Mai ɗinkin inji a hula ko aljihu yana son harafi ya kai milimita 5 a tsayi. Abin da waya ke nunawa haske ne, abin da inji ke zubawa tawada ce, shi ya sa shuɗi mai ƙyalli yakan fito da ɗan shunayya, kore mai haske kuma ya dushe. Fitar da takarda da tsarin launin masu bugu na masu biya ne a Canva. Mai kyauta ya roƙi mai bugu ya fitar masa da guntun gwaji kamar tafin hannu a kan ainihin ledar kyallen kafin a buga mita uku. A tuna kuma da ranar Maris da Afrilu a Garwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40: ja da rawaya su ne ke fara kodewa a allon da ke waje, shuɗi mai duhu da baƙi sun fi jurewa. A rubuta lambobin launin a littafin sakatare, ba a ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba.

Fitar da fayil shi ne inda bambancin kyauta da biya ya fi ciwo. Mai kyauta yana samun PNG, JPG da PDF, amma hoto mara bango da fayil ɗin SVG, wanda ake buɗawa kowane girma ba ya fashewa, duka na Pro ne. Ba tare da su ba, tambari yana zuwa da farin akwati a bayansa, wanda ke fitowa fili da zarar an ɗora shi a kan kyalle mai launi. Akwai hanya halattacciya ga wanda zanensa na siffofi ne da haruffa: ya sauke PDF na bugu, ya buɗe shi a Inkscape, manhajar kwamfuta ta kyauta da ba ta buƙatar intanet, ya goge farin bangon, ya mayar da rubutu zanen layi, ya adana SVG da PDF. Mayar da rubutun nan yana da muhimmanci, domin masu bugu da yawa a garuruwanmu da manhajar zane ta CorelDRAW suke aiki, kuma in kwamfutarsu ba ta da salonka sai ta musanya da wani, ɗ da ƙ su koma akwatuna. Inkscape ɗin ne kuma zai mayar da bishiyar da aka zana da hannu ta zama layi mai tsafta. Ba shi da sauƙin Canva, ba ya kuma aiki a waya, don haka wannan matakin yakan buƙaci a zauna awa ɗaya ko biyu da mai zane na gari a biya shi haƙƙinsa, da sharaɗin ya miƙa fayil na asali, ba hoto kawai ba.

Ƙungiya mai takardun rajista tana iya neman shirin da kamfanin ya ware wa ƙungiyoyin sa-kai, inda ake ba da kayan Pro kyauta bayan an duba takardu. Wannan ya fi sayen gurbi mai araha da ake tallatawa a WhatsApp da Facebook. Abin da ake sayar maka a can shiga ce cikin tawagar wani da ba ka sani ba, kuma ranar da ya cire ka ko aka rufe asusunsa, zanen da ka yi a cikin tawagar na iya tafiya da shi. Asusun ma a buɗe shi da adireshin ƙungiya, shugaba da sakatare su san kalmar sirri, domin yaron da ya zana zai iya tafiya karatu Gaundare ko Yawunde da wayarsa.

Inda Canva ya cancanci yabo ba tare da sharaɗi ba shi ne bayan an gama tambari. A ɗora shi sau ɗaya, daga nan takardar gayyata, sanarwar taro, katin suna na teburi, takardar shaidar halarta, duk kowa a kwamiti zai iya fitarwa cikin minti goma kuma su yi kama da juna. A hoton WhatsApp da Facebook a tuna da'ira ake yankewa, don haka alamar ta tsaya cikin kashi 70 cikin 100 na tsakiyar filin, a kuma cire rubutu gaba ɗaya tun da ba ya karantuwa a wannan girman. In za a tura wa mai bugu, a tura a matsayin takarda, domin turawa a matsayin hoto tana matse shi.

Mataki ɗaya ya rage wanda babu manhajar da za ta yi. A buga zaɓi uku a takardar A4, baƙi da fari, ba suna, a kai wa mutum goma zuwa goma sha biyu waɗanda ba sa cikin kwamiti: makiyayi, manomi, masunci, mace mai sana'a a kasuwa, liman, fasto, ɗan acaba, dattijo daga fada. Kowa a same shi shi kaɗai, kada na gaba ya ji amsar na baya. Tambaya biyu ce, da harshen da mutumin ya fi sakewa: me ka gani, kuma kana jin na su wa ne? Amsar ta biyu ake rubutawa. In mutum biyu suka ambaci ƙabila ɗaya, addini ɗaya ko jam'iyya ɗaya, a ajiye wannan zanen ko da shi ne shugaba ya fi so, a koma kan sauran biyun.